Ranar da Walƙiya Ta Tafasa a Hanyar Mamudo

Jama'a, ku gyara zama, yau maganar cikina zan zazzage muku. Wanda dariya ta kama ya yi abarsa, ni dai a ranar ban ga abin dariya ba.

Sunana Fanna, a Dogo Nini nake cikin Potiskum, 'yar Baba Zarami bakaniken manyan motoci. Duk mata ne mu a gidanmu, ni ce babba. Da Baba ya jira namiji ya gaji, sai ya karɓi abin da Allah ya ba shi, ya riƙa tafiya da ni gareji idan an tashi daga Islamiyya. Sa'annina suna wasan 'yartsana, ni ina miƙa sifana. Kafin in yi wayo sosai, daga zaure nake jin ƙarar inji in san abin da ke damunsa.

Da na zama budurwa, Mama ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa.

"Fanna, wannan ilimin naki na baƙin mai, ki ninke shi ki sa a ƙasan akwati. Namiji zai haƙura ki fi shi karatu, zai haƙura ki fi shi dangi. Amma ki fi shi sanin mota? Sai dai ki tsinci katin bikinsa a gari."

Na ce to, na ninke.

Sai Allah ya haɗa ni da Babaji.

Babaji wayoyi yake sayarwa a bakin kasuwa. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda idan ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Ciwonsa ɗaya a duniya, motarsa. Tsohuwar 'yar Kwatano ce ya saya, ya bi ta da gyare-gyare har uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba. Ya sauke ta ƙasa har tana gaisawa da kowane tudu. Ya sa mata salansa mai faɗin bakin tulu, da shuɗayen fitilu a ƙarƙashi, ya cika but da amsa-kuwwa, a gilashin baya kuma aka rubuta WALƘIYA da jan fenti. Idan ya shigo layinmu, kwanukan Mama na jere sai sun amsa.

In ya zo zance, rabin hirar tata ce.

"Kin ji wannan rugugin, Fanna? Shi ke ƙara wa injin ƙarfi."

Sai in lanƙwasa wuya in ce, "Allah sarki, ashe haka ne?" A raina kuwa ina cewa, bawan Allah, salansa ka huda, maƙwabta kawai ka ƙara wa ƙarfin zagi.

To ga inda matsalar take. Gwaggo Mairam, yayar Baba, tana da ɗa, Kyari, kuma tun ina goye ta yi masa kamu. Kyari ba shi da laifi, yana da aikinsa da motarsa mai sanyi, sai dai idan yana min magana ji nake kamar ana karanta labaran ƙarfe bakwai. Baba ya ce shi ba zai ɓata wa yayarsa ba, ba zai tilasta wa 'yarsa ba, a kai maganar gaban mahaifiyarsu, Kaka Yakaka, a Mamudo. Abin da ta yanke shi ke nan.

Idon Kaka ya yi rauni, ta ce yanzu da hannu take ganin mutane. Kyari ta san shi tun yana tsumma. Baƙon za a kawo mata ta taɓa.

Asabar biyu Babaji yana shiryawa, da goro da turare, Asabar biyu Walƙiya tana tafasa a hanya. Abin mamaki, a cikin gari ko gezau. Ta wuni a cunkoson kasuwar shanu cikin ranar bazara, allurar zafi ba ta motsi. Amma da ya bar gari ya taka totur, sai allura ta fara hawa kamar mai zuwa kiran sallah.

Na tura masa saƙo: "Don Allah ka hau keke napep mana."

Ya amso nan take: "Ni? Gidan surukai a keke, Walƙiya na raye? Me za a ɗauke ni?"

Kaka kuwa ta aiko da nata saƙon ta bakin Gwaggo, wadda ta isar da shi har da ƙarin gishiri. Ta ce ta dafa burabusko sau biyu awaki sun ci. Wannan Asabar ɗin ita ce ta ƙarshe. Idan aka kira la'asar bai shigo gidanta ba, ya huta, ita ma ta huta.

Babu inda Babaji bai kai motar nan ba. Wani ya wanke lagireto da omo. Wani ya canza murfinsa. Wani ya ce gasket ne ya ƙone, a sauke inji. Wani abokinsa ya ce ba ciwon gareji ba ne, bakin mutane ne, ya kawo masa laya ya rataya a madubi. Kullum da yamma saƙo yana shigowa: "An gano matsalar, gimbiya." Washegari kuma: "Ashe ba ita ba ce."

Za ku ce, to ba ga Baba Zarami ba, wanda direbobi ke zuwa nema tun daga Gashuwa? Ni ma na faɗa. Babaji ya kusa shiɗewa.

"In kai wa surukina mota ya kwanta a ƙarƙashinta ina tsaye? Fanna, ko layin garejinsa ba na bi da rana."

Kun ji fa. Bakanike ɗaya a garin da zai gano ciwon cikin ƙiftawar ido, kunya ta hana a je wurinsa. Ta biyun kuma tana zaune a zaure da lalle a hannu tana cewa Allah sarki.

Ranar Asabar Gwaggo ta ce ita za ta raka mu, wai don kada a ce yarinya ta shiga motar saurayi ita kaɗai. Tun da na ji haka na san ba rakiya ta zo ba, kallo ta zo. Na saka laffaya ruwan ƙwai marar nauyi, wadda Mama ta turara min tun daren jiya, ga jan lalle a tafin hannu, ga baƙi ya zagaye yatsu, na shafa humra har sai da ƙanwata ta yi atishawa. Babaji ya zo bayan azahar cikin farar shadda da hula zanna bukar, yana ƙamshi kamar shagon turare. Gwaggo ta shige gaba da kular abinci a cinya. Ni aka ba ni baya, ni da jarkokin ruwa, don but ɗin amsa-kuwwa sun cinye.

"Wannan ruwan fa, ɗana?" in ji Gwaggo. "Rijiyar Mamudo ta ƙafe ne?"

"A'a Gwaggo, na ko-ta-kwana ne."

"Uhm. Motar Kyari dai mai kawai take sha."

Muka fita gari lafiya. Ni ba hanya nake kallo ba, ta tsakanin kujeru nake leƙen allura. Muna wuce gidan mai na ƙarshe Babaji ya saka babbar giya, Walƙiya ta yi gurnani, gonaki suka fara gudu ta taga. Allura ta ɗaga kai. Ta wuce tsakiya. Na ga gumi yana bin bayan kunnen Babaji yana shiga wuyan shaddarsa. Ya miƙa hannu ya shafa layar nan, allura ta ƙara hawa. Sai wani wari kamar an manta tukunya a wuta, sai tururi fuu daga gaba.

Ya gangara gindin wani dogonyaro ya kashe.

Gwaggo ta ce, "Alhamdulillahi, mun iso?"

Ta fito ta shimfiɗa ɗankwali a inuwa, ta zaro waya daga jaka, ta ɗaga murya yadda har tsuntsayen kan bishiya za su shaida.

"Kyari? Kana gida? Ɗauko mota ka biyo hanyar Mamudo, za ka gan mu gindin dogonyaro, mun yi zango. Eh, da ita. Yi sauri, kakarka na jira."

Idan Kyari ne ya sauke ni a ƙofar Kaka yau, magana ta ƙare, ko ba a faɗa ba.

Babaji ya ɗaga bonet. Sandar da ke tokare shi ta daɗe da karyewa, don haka da hannu ɗaya ya riƙe, ya kai ɗayan kan murfin lagireto.

"Kar ka buɗe!"

Ihun ya fita kafin in kama shi. Ya juyo yana kallona.

Na sassauta murya. "A rediyo na ji, wai ruwan yana tsalle ya ƙone fuska."

"Haka ne kuwa," ya ce, ya janye hannu. "Kin ga amfanin jin rediyo."

Na matso na tsaya a gefensa kamar mai jin tsoro, idona kuwa yana aiki. Ƙasan motar a bushe, babu ɗigo. Tiyo na sama da na ƙasa duk lafiya, babu tsaga.

"Babaji, waccan baƙar igiyar mai zagayawa, ba ta tsinke ba ko?"

Ya yi murmushin malami. "Sunanta fanbel, gimbiya. Lafiyarta ƙalau."

"Wannan ƙarfen fa mai zobe, na mene ne?"

"Na duba baƙin mai ne. Bari ki gani."

Ya zaro. Mai baƙi sumul, ba fari-fari kamar an zuba madara ba. Ke nan ruwa bai shiga inji ba, gasket bai ƙone ba, wanda ya ce a sauke inji Allah ya shirye shi. To me ya rage? Ruwa yana nan, famfo yana juyawa, lagireto an wanke. Me zai sa mota ta yi sanyi a cunkoso ta tafasa a fili, inda iska ta fi yawa?

Babaji ya ce, "Bari in kunna mata fanka ta huce da wuri. Riƙe min nan, a hankali, kar ki ɓata lallenki."

Ya zagaya ya murɗa makulli. Fanka ta ɗauka da ƙara wuu. Ya dawo ya karɓi bonet yana taƙama.

"Kin ji ta? Darek ce. Ai motar Turawa sai ta ga dama fankarta ke tashi, su ƙasarsu sanyi. Mu nan kowa darek yake yi, da ka murɗa makulli ta kama. Wannan ko mai wayarin ban kai wa ba, da hannuna na haɗa ta, ranar da na sa fitilun ƙasa."

Ina tsaye daidai hancin motar. Sai na ji zafi yana dukan gwiwoyina, na duba, gefen laffayata ya tashi yana kaɗawa baya, yana gudun motar.

Jama'a, sai da na dafe ƙirji.

A garejin Baba abu na farko da ake koya wa mutum ke nan. Fanka jan iska take yi daga waje, ta ratsa lagireto ta shiga ciki. Ka sa takarda a gaba, ta manne. Wannan kuwa turowa take yi. Babaji ya juya wayoyin, fanka tana juyi da baya. A cikin gari, inda ake tafiyar hawainiya, ko ta baya ta busa tana ɗan fifita ruwan. Amma a kan babbar hanya iskar gudu tana dannowa ta gaba, fanka tana tunkuɗo ta ta baya, su haɗu a tsakiyar lagireto kamar mutum biyu a ƙofar ɗaki, wannan bai shiga ba wancan bai fita ba. Bakanikai nawa suka duba, kowa ya ji tana ƙara ya ce fanka lafiya.

Waya biyu. Abin da ya hana ni aure kusan wata guda ke nan.

Na ce, "Babaji, ka ji iskar nan kuwa? Waje take busowa fa."

"Eh mana," ya ce cikin tausayi. "Zafin take fitarwa. Aikinta ke nan."

"Amma ba a ce... ba jawowa ya kamata ta yi ba?"

"Fanna, fankar ɗakinku jan iska take yi ko busowa?"

Ya Rabbi. Ta ina zan ɓullo wa wannan bawan naka?

Daga inuwa Gwaggo ta ce, "Kyari ya ce ya fito daga gari. Ɗana, kar ka damu, in ya zo sai ya ja ka da igiya, yana da kirki."

Na dubi rana, ta fara karkata. Na dubi Babaji. Hannunsa ɗaya a sama riƙe da bonet, baƙin mai ya ɗiga a gaban farar shaddarsa bai ma sani ba, leɓensa yana motsi, addu'a yake yi. Wallahi tausayinsa ya fi ƙarfin maganar Mama. Na ce a raina, in zai gudu ya gudu a Mamudo, ba a gindin dogonyaro ba.

Na tattare laffaya na ɗaure ta a ƙugu.

"Babaji, je ka kashe makulli."

Ban san da wace murya na faɗa ba, na dai ga ya miƙa min bonet, ya tafi ya kashe ya dawo.

"Riƙe bonet da hannu biyu. Sama sosai. Kana da filaya?"

"Filaya? A'a... akwai ɗan sukudireban gyaran waya."

"Bar shi."

Na cusa hannu bayan lagireto, zafi yana lasar fatata. Ga su nan, ya murɗe su da hannu ya naɗe da baƙin salatif, naɗi mai kyau kuwa, kamar yana naɗe kyautar amarya. Na ɓare da farce, na raba, na mayar da ta dama hagu, ta hagu dama, na murɗe, na naɗe. Na jiƙa tsumma na dafa murfin lagireto, na sassauta shi kaɗan-kaɗan har hucin ya gama fita.

"Kawo bonet in riƙe, ka tayar da ita. Kawo jarka."

Ya dawo ya karɓi bonet, inji yana aiki na tsiyaya ruwa a hankali har ya cika, na rufe. Na tsinci wata yasasshiyar leda a ƙasa na sake ta a gaban motar. Ta yi tsalle ta manne a jikin ragar lagireto, ɗaf, kamar an liƙa ta da gam.

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Innalillahi. Zarami ya cuce mu. Yarinya da lalle a hannu!"

Babaji ya leƙo. Ya dubi ledar, ya dubi hannuwana, ya sauke bonet a hankali kamar kada ya tashi mai barci.

Muka hau hanya. Ya taka, Walƙiya ta yi gurnani, allura ta zo tsakiya ta zauna kamar an kafa ta da ƙusa. Ban taɓa jin shiru irin na motar nan ba, duk da salansarta. Ina ta neman idonsa a madubi, layar nan kawai nake gani tana lilo.

Mun shiga Mamudo ladan yana gwada lasifika.

Kaka tana kan tabarma a ƙarƙashin rumfar zana, da carbi da 'yar butarta. Muka durƙusa. Ta yi mana wushe-wushe, irin sannu da zuwan mutanenmu, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da akuyar Mama, sannan ta ce, "Ina mai motar da ba ta son Mamudo? Matso, ba ni hannunka."

Babaji ya matsa a kan gwiwa. Ta kama hannunsa ta juya, ta shafa tafin, ta lalubi yatsun.

"Laushi kamar na jariri. Fanna, kawo naki in ji lallen."

Na miƙa. Ta shafa, ta kai hanci, ta tsaya.

"Wannan ai warin Zarami ne."

Gwaggo ta gyara zama, ta buɗe baki da bismillah, amma Babaji ya riga ta.

"Kaka, motar ce ta sake tsayawa. Ni na ɓata ta da hannuna tun farko, ban sani ba. Na kai ta ko'ina an kasa. Fanna ce ta gyara yanzu a bakin hanya, ni bonet kawai na riƙe."

Gwaggo ta ce wa mahaifiyarta, "Kin ji ko, Ya? Da bakinsa. Namijin da mace za ta..."

"Mairam, na ji, kunnena bai mutu ba."

Kaka tana riƙe da hannayenmu biyu, nawa mai baƙin mai da nasa mai turare. Can sai ƙafaɗunta suka fara rawa, ashe dariya take yi.

"Na zauna da kakanku har Allah ya ɗauke shi," ta ce, "ya karya garma, ya ɓatar da jaki, ya taɓa ƙona rumbu da tabarsa. Ko sau ɗaya ban ji ya ce ni na ɓata ba. Kullum iska ce, ko yara, ko ni." Ta saki hannun Babaji ta dafa kansa, har zanna bukar ta karkace. "Tashi ka je masallaci kar ka rasa jam'i. In ka koma ka ce wa manyanka su je su ga Zarami. Mairam, zuba masa burabuskon nan kafin awaki su ji labari."

Wayar Gwaggo ta yi ƙara. Kyari ne, wai ga shi a gindin dogonyaro, bai ga kowa ba sai jarka. Ta tashi ta shige ɗaki da wayar, ko takalmi ba ta tsaya cirewa daidai ba.

Babaji ya yi godiya, ya miƙe ya fita. Bai dube ni ba.

Na je bayan rumfa ina wanke hannu da toka da sabulu, zuciyata fari ƙal, ina cewa yau sai na ba Mama labari ta san zamani ya canza. Baƙin man ya fita, ya tafi da rabin lallen. Sai wayata ta yi motsi a cikin jaka. Ban tsaya goge hannu ba na duba.

Babaji ne. Babu gimbiya, babu 'yar fuskar dariyar da yake sawa.

"Fanna, tun yaushe kika iya?"

Na rubuta a rediyo na ji, na goge. Na rubuta ɗan kaɗan ne fa, na goge. Daga masallaci aka tayar da iƙama. Na runtse ido na rubuta gaskiya: "Tun kafin ka san ni. Duk hirar da ka yi min, na sani."

Saƙon ya tafi. Alamar ta koma shuɗiya, ya karanta.

A saman allon aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa.

Liman ya yi kabbara, ni kuwa ina tsugune da waya a jiƙaƙƙen hannu, ina kallon wurin kamar yadda na kalli allurar nan.